Wa ke da ikon cewa an yafe a Sabon Gari?

Sabon Gari ta haura shekara 100 a matsayin masaukin baƙi, tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ta sha wuya daidai gwargwado. An ƙona majami'u a 1982 kan rigimar ginin wani cocin Angilika a Fagge. An yi ɓarin jini a Oktoban 1991 saboda zuwan mai wa'azin nan na Jamus, Reinhard Bonnke. Bam ya tashi a tashar New Road ranar 18 ga Maris 2013, ya hallaka fiye da mutum 20, wani kuma ya tashi a cocin St. Charles a Yulin 2014. Bayan kowace masifa manya kan taru, a yi Allah wadai, a ce wa waɗanda abin ya shafa su yi haƙuri su bar wa Allah.

Kirista ba ya iya ƙin wannan roƙo, domin a addu'ar da Yesu ya koyar ma mutum yana neman gafara ne gwargwadon yadda shi yake yafe wa wasu. Sai dai addinin da ya umarce shi da yafiya bai taɓa cewa yafiyar ta maye gurbin shari'a ba. Adalci, raba daidai, jinƙai da alheri abubuwa ne daban-daban, kuma mai ƙarfi ne yakan ci ribar cakuɗa su.

A Matiyu sura 20 akwai labarin mai gonar inabi da ya ɗauki 'yan ƙodago da sassafe, suka yi jinga a kan dinari guda. Ya ƙara ɗaukar wasu da hantsi, wasu da tsakar rana, wasu kuma saura sa'a ɗaya a tashi. Da yamma ya biya kowa dinari. Waɗanda rana ta gasa tun safe suka yi gunaguni, kuma duk leburan da ya taɓa sauke buhu a kasuwar Singa zai ce suna da hujja: ina za a haɗa mai wuni da mai sa'a guda? Amma ba a tauye wa kowa ko anini daga jingarsa ba. Sai da haƙƙi ya fita cif, sannan kyauta ta biyo baya, kuma daga aljihun mai gonar ta fito. Da ya rage ladan na safe ya cika wa na yamma, da sunan abin zalunci.

Wannan darasi ya fara ne daga cikin coci, kafin a kai ga gwamnati. A kasuwar Sabon Gari, musamman tsakanin 'yan kasuwar Ibo, yaro kan yi wa ubangida hidima shekaru, a shago da gida, bisa alkawarin za a sallame shi da jari. Tsari ne mai kyau da ya tsayar da dubban mutane da ƙafafunsu. Amma kowa a layin kayan gyaran mota ya san labarin ubangidan da, sallama na ƙaratowa, sai ya gano cewa yaron ɓarawo ne. Akwai kuma wanda zai biya, amma ya riƙa gori kamar sadaka ya yi. Jarin nan bashi ne. Mutum ya rera waƙar alherin Allah ranar Lahadi, Litinin ya danne gumin yaronsa, ya zama bawan nan na Matiyu sura 18, wanda sarki ya yafe wa talanti 10,000, ya fito ya shaƙe wuyan abokinsa kan dinari 100. Zakka mai karɓar haraji ya fi shi fahimta: da Yesu ya sauka a gidansa, ya ɗauki alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki 4. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitila ta rataye a 1945, ya yi kashedi tun 1937 kan gafarar da ake rabawa ba tare da tuba ba.

Ita hukuma aikinta daban ne. Bulus, a wasiƙarsa ga Romawa sura 12, ya hana mai bi ɗaukar fansa. A sura 13 ya danƙa hukunta mai laifi a hannun mai mulki. Surorin biyu tare suke tafiya. An karɓe wuƙa daga hannun wanda aka zalunta ne don akwai alƙali.

Ranar 2 ga Yunin 2016 wasu gungun mutane suka kashe wata dattijuwa Kirista, matar fasto, mai sayar da robobi a kasuwar Ƙofar Wambai, bisa zargin ɓatanci. Shugaban ƙasa ya yi tir, manyan malaman Musulunci ma haka, shugabannin Kiristoci suka kwantar da hankalin mabiyansu, ba a yi ramuwa ba. An gurfanar da mutum 5. A watan Nuwamba kotun majistare ta sallame su bisa shawarar babban lauyan jiha cewa ba su da tuhumar amsawa. Mai yiwuwa ne ba su da hannu, kuma ɗaure marar laifi don a faranta wa jama'a wani zaluncin ne. To, amma da rana aka yi kisan, a tsakiyar kasuwa. Wani ne ya yi shi.

Kano ta iya shari'a idan ta ga dama. Wani mai makaranta da ya sace ɗalibarsa 'yar shekara 5 ya kashe ta, an kama shi a Janairun 2022, kafin ƙarshen Yuli Babbar Kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Da aka yi wa mafarauta 16 kisan gilla a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, Kanawa ba su gamsu da ta'aziyyar da gwamnan Edo ya kawo har gida ba. Sun nemi hukunci da diyya, kuma gaskiyarsu ce. Mudun da aka auna wa mafarautan nan da shi ya kamata a auna wa 'yar kasuwar Wambai.

Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan tunani. A hukuncin kisasi, waliyyan mamaci ne ke zaɓar ramuwa ko diyya ko afuwa, kuma sai an tabbatar da mai laifi tukuna. Paparoma John Paul na Biyu ya je har kurkuku a 1983 ya gana da Mehmet Ali Agca, wanda ya harbe shi a 1981, ya yafe masa. Agca ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har 2000. Paparoman ya yafe abin da yake nasa, ya bar wa kotu nata, kuma ya san fuskar wanda yake yafe wa.

Iyalan dattijuwar nan ba a ba su ko wannan ba. Laifin kisan kai ba ya tsufa a dokar Najeriya, don haka babu abin da ya hana Ma'aikatar Shari'a da ke Sakatariyar Audu Baƙo da rundunar 'yan sandan da ke Bompai su sake buɗe fayil ɗin 2016, su kira shaidun da suke kasuwar a ranar.