Gansakukar akwatin kifi: a daina wankin tas

Duk wanda ya sayi akwatin kifi ya girke a falo, akwai ranar da zai wayi gari ya tarar gilashin ya fara yin kore. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a kowane gida. A kwashe kifayen a zuba a roba, a juye ruwan kaf, a dirje tsakuwa da omo, a murje gilashi da soson wanke-wanke har ya yi ƙal, sannan a taro sabon ruwa a famfo a mayar da kifi. Da yamma kowa yana sambarka. Bayan kwana biyu sai a ga kifi ya taso saman ruwa yana buɗe baki, kafin sati an fara kwasar gawa. Daga nan sai a ɗora wa mai shago laifi, ko a ce baki ne ya kama su.

Ni dai a ganina ba kasafai gansakuka ke kashe kifi ba. Wankin ne ke kashe shi.

Kifi yana fitar da amoniya a cikin ruwan da yake zaune, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake bayarwa, kuma guba ce. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a soson filta da jikin tsakuwa. Su ne ke juya amoniya ta koma naitirayit, sannan ta koma naitiret, wanda kifi ke iya jurewa idan bai yi yawa ba. Kafin su yawaita a sabon akwati sai an yi sati 4 zuwa 6. Omo da kulorin ɗin ruwan famfo kuwa a wanki ɗaya suke gamawa da su. Wato wannan ƙasa-ƙasan datti da uwargida ke gani a soson filta tana yatsina fuska, a cikinsa masu tsaron ran kifin suke. Mu mutane ne masu son tsafta, ban kuma ga laifin hakan ba, sai dai tsaftar kwanon tuwo daban take da ta ruwan da rai ke numfashi a ciki.

To me ke kawo koren? Haske da abinci, shi ke nan. Yawancin akwatunan da nake gani a gidajen 'yan uwa da abokai kusa da taga ake ajiye su don baƙo ya gani, ranarmu kuwa ba ta wasa. Ga fitilar akwatin da ake bari a kunne muddin akwai wuta, dare da rana, alhali awa 6 zuwa 8 ta wadatar. Sai abinci. Maigida ya zuba kafin ya fita, uwargida ta zuba, yara su dawo makaranta kowa ya barbaɗa nasa, baƙo ma a ba shi ya gwada. Kifi ba ya cewa ya ƙoshi. Abin da bai cinye cikin minti biyu ba taki ne aka zuba wa gansakuka.

Ba kuma duka iri ɗaya ba ce. Akwai mai ruwan ƙasa da ke kwanciya a gilashi da tsakuwa a makonnin farko. Da yatsa ma tana fita, kuma sau da yawa da kanta take ɓacewa idan akwati ya kwana biyu. Akwai wadda ke mayar da ruwan kansa kore shar har ba a ganin kifi. Wannan ko an canja ruwa dawowa take yi, don a cikin ruwan take yawo tana hayayyafa. Maganinta duhu ne: a kashe fitila, a lulluɓe akwatin da bargo kwana 3 ko 4, a bar injin iska yana aiki. Wadda na fi ƙi ita ce mai yauƙi da wari, mai shimfiɗuwa a kan tsakuwa. Ita asalinta ma bakteriya ce, kuma tana son ruwan da ba ya motsi, abin da ɗaukewar wuta ke samar mata a banza.

Ga yadda nake yi da nawa duk Asabar, kuma bai fi minti ashirin ba. Ina ɗauraye hannu da ruwa zalla, ba sabulu, ba mai, ba turare. Kifayen suna ciki, ba na taɓa su. Da tsohon katin banki nake kankare gilashin gaba da na gefe, koren yana naɗewa a bakin katin yana zubowa ƙasa. Reza ma tana yi, amma a gilashi kaɗai, don tana karce akwatin roba. Sai in sa tiyo in zuƙe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan zuwa bokiti, ina caccaka bakinsa cikin tsakuwa dattin yana tasowa. A cikin wannan tsohon ruwan nake matse soson filta sau biyu ko uku in mayar, ruwan kuma ya tafi gindin shuka. Wanda zan ƙara kuwa tun jiya yake ajiye a buɗe don kulorin ya fice. Mai ruwan rijiya ko burtsatse ya huta da kulorin, amma rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki tana iya zuwa da nata naitiret ɗin. Gilashin baya kuwa barinsa nake da korensa, kifayen suna tsattsaga.

Na san za a ce ai akwai hanya mai sauƙi, a sayi kifin shara ko maganin gansakuka. Kifin nan mai manne baki a gilashi, fileko, ɗan asalin Kudancin Amurka, ana sayar da shi bai fi yatsa ba, amma irin da aka fi samu yana wuce santimita 30, kuma kashin da yake yi ya fi sharar da yake yi. Maganin kuwa, wanda ke da sinadarin tagulla yana kashe katantanwa, sannan gansakukar da ta mutu lokaci guda tana ruɓewa ta cinye iskar ruwan. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu, lokacin da ruwa mai ɗumi dama ba ya riƙe iska sosai, ga kuma babu wuta, ka ga abin da zai faru kafin asuba. Idan lallai sai an nemi mataimaki, katantanwa ta fi. Tun a 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsiro da katantanwa suna iya zama a ruwa ɗaya ba tare da ana ta canja shi ba, katantanwar tana cinye koren da ruɓaɓɓen ganye.

Ƙorafina ya fi yawa a kan masu sayarwa. Mutum ya zo da kuɗinsa bai san komai ba, ku haɗa masa ƙaramin akwati da golfish shida da gwangwanin abinci a rana ɗaya, ba wanda zai ce masa golfish yana girma kuma yana da yawan kashi. Na san mutuwar kifin ciniki ce a gare ku, amma rai ne, kuma da hakkinsa. Ku riƙa gaya wa mai saye ya fara da kifi biyu ko uku, ya rage abinci, kada ya kusanto da sabulu.

Kai kuma mai akwati, kafin ka sake ɗauko soso, ka fara janye shi daga bakin taga, ka kuma naɗa mutum ɗaya a gidan wanda shi kaɗai zai riƙa ba kifin abinci.