Wane tuwo za mu ci nan da shekara 20?

  'Yan makarantar kwana kuma muna yi muku jajen sake arba da gabza. Da ma a kan tuwon za mu yi magana yau.

A hutun da ya wuce mun je gaida Kaka a ƙauye, aka kawo mana tuwon masara da miyar kuka. Muna cikin ci sai ta ce ita fa har ta yi aure ba ta san ana tuƙa tuwo da masara ba. A zamaninsu 'yan kunyoyi kaɗan ake yi mata a bayan gida, a gasa ko a dafa a rage yunwa kafin gero ya nuna. Tuwo na dawa ne ko na gero, shinkafa kuwa sai ranar Sallah ko biki. Mun ɗauka zolaya ce irin ta kaka da jika, har sai da muka koma jami'a muka tambayi abokanmu na sashen aikin gona, suka ce gaskiyarta.

Masara asalinta daga ƙasar Meziko take, kuma ko da yake ta daɗe da zuwa nan, ba ta zama amfanin babbar gona a Arewa ba sai daga wajen ƙarshen shekarun 1970. A tsakiyar shekarun 1970 ne aka buɗe shirye-shiryen bunƙasa noma a Funtuwa da Gusau da Gombe, aka kawo ingantaccen iri daga cibiyar IITA da ke Ibadan, ga kuma takin zamani da gwamnati ke sayarwa da rahusa. Manoma suka ga masara ta fi dawa cika buhu, mata suka ga tuwonta fari tas, shi ke nan ta shige gida. Wato abin da muke ɗauka abincin gado ne tun kaka da kakanni, a gaban idon kakanninmu ya zo. In iri da taki sun iya canja tuwon gidanmu cikin 'yan shekaru, to zafi da ruwan sama ma za su iya.

Kun riga kun ji bayanin sauyin yanayi a aji, don haka ba za mu ja shi ba. Ƙona man fetur da gas da kwal da sare dazuzzuka suna ƙara iskar kabon, wadda kuke rubutawa CO2, a sararin sama, ita kuma tana riƙe zafi kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu yawanta kusan kashi 280 ne cikin miliyan, yau ya haura 420. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin, inda matsakaicin zafin duniya ya ɗara na wancan zamani da wajen digiri 1.5. Ɗan Sakkwato ko ɗan Maiduguri zai iya cewa, mu da muka saba da digiri 42 a watan Afrilu, me digiri 1.5 zai yi mana? Mutum yana iya neman inuwa. Shuka kuwa a tsaye take inda aka sa ta.

Ku ɗauki masarar nan. Kun san gemun da ke fitowa a bakin goyo? Kowane sili ɗaya na gemun nan a haɗe yake da gurbin ƙwaya ɗaya. Furen da ke can saman kara yana zubo da wata ƙura mai laushi, kuma sai ƙurar ta sauka a kan sili sannan ƙwayarsa za ta samu. Wannan aiki cikin 'yan kwanaki yake faruwa. In kwanakin suka zo daidai da zafi mai tsanani, ƙurar tana mutuwa da wuri. In kuma ruwa ya ɗauke, gemun yana makara wajen fitowa, kafin ya fito furen ya gama zuba. Shi ya sa wani lokaci za ku ɓare masara ku tarar da giɓi ko'ina, totuwa ta fi ƙwaya yawa. Gonar tana nan kore shar, mai wucewa zai ce an yi dace, amma mai gonar ya san abin da ke ciki.

Wani bincike da aka wallafa a 2011, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwajen masara sama da 20,000 da aka yi a Afirka, ya sa wa wannan asara lamba. Duk yini guda da masara ta yi a zafin da ya ɗara digiri 30 da digiri ɗaya yana rage amfanin da kusan kashi 1 cikin 100, ko da ruwa ya wadata. In ga fari kuma, ragin ya kai kashi 1.7. Ku lissafa da kanku in aka jera irin waɗannan kwanaki goma ko ashirin a damina guda.

Batun ruwan sama ya fi rikitarwa. Iyayenmu suna tuna farin shekarun 1970 da na 1980, wanda na farkon yana cikin abubuwan da suka rushe dalar gyada ta Kano. Daga baya ruwa ya ɗan dawo, sai dai ya dawo da wani hali. Masu nazarin hotunan tauraron ɗan Adam sun gano a 2017 cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel idan aka kwatanta da farkon shekarun 1980. Manomi kuwa ba jimillar ruwan shekara ce damuwarsa ba, yadda aka raba shi ne. Ruwan wata guda ya sauka a dare ɗaya, sannan a yi mako uku ba ko ɗigo, wannan asara biyu ce a damina ɗaya. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi. Ta 2022 ta hallaka mutum sama da 600 a Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Shinkafa tana son fadama, fadama kuma nan ne ruwa ke fara kwanciya.

Alkama ita kuma sanyi take so, shi ya sa ake nomanta da rani a lokacin hunturu, a wurare irin su Kadawa da Haɗeja. In zafi ya shigo da wuri kafin ƙwaya ta cika, sai ta tsamure. Da ma mafi yawan alkamar da ake mana burodi da taliya da Indomie da ita daga waje ake shigo da ita, don haka zafin wata ƙasa ma yana iya isowa teburin mai shayin unguwarku. A 2022 zafi ya buge alkamar Indiya ana dab da girbi, gwamnatinsu ta hana fitar da ita waje, a daidai lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya riga ya tayar da farashi.

Akwai kuma wani abu da ba a gani da ido. Gwaje-gwajen da aka wallafa a 2014 sun nuna cewa in aka noma alkama da shinkafa a iskar da CO2 ya yi yawa, sinadarin ayon mai ƙara jini da zinki da furotin suna raguwa a ƙwayarsu. Kwano ya cika, ciki ya cika, amma abin da jiki ya samu ya ragu. Dawa da masara ba su nuna wannan ragi sosai ba, domin hanyar da suke sarrafa iskar ta bambanta, kuma gero ma ɗan gidansu ne a wannan fanni. 'Yan ajin kimiyya, ku tambayi malaminku bambancin tsirran C3 da C4, ku gani ko zai yi murna ko zai ce ku bari sai jami'a.

In kun lura, abincin da muke yi wa kallon na gayu, su shinkafa da burodi da taliya, shi ne ya fi shiga haɗari. Wanda muke yatsina fuska in an kawo, shi ya fi juriya. Gero yana nuna cikin kwana 70 zuwa 90, yana yi a jigawa mai yashi da ruwan da masara ba za ta ko kai goyo da shi ba. Dawa in ruwa ya ɗauke takan naɗe ganyenta ta dakata, in ya dawo ta ci gaba. Acca, wadda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna da Bauchi, akwai irinta da ke nuna cikin wata biyu. Ba banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Sai dai kar mu yi wa gero kirarin da ya wuce ƙarfinsa. Wani nazari na 2019 ya kiyasta cewa tsakanin 2000 da 2009 ɗumamar duniya ta riga ta rage amfanin gero a Afirka ta Yamma da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, na dawa kuma da kashi 5 zuwa 15. Juriya ba ta nufin ba ya jin duka. Haka kuma ba kowace tsada za a ɗora wa yanayi ba. Rashin tsaro da ya kori manoma daga gonakinsu, da cire tallafin mai a 2023, da faɗuwar darajar naira, duk suna cikin kuɗin mudun da ake aikenku saye.

Abin da ya fi damunmu shi ne rainin. Mu ma mun yi shi: an taɓa kawo mana dambu a gaban baƙi muka ji kamar ƙasa ta tsage mu shige. Amma manomi abin da kasuwa ke nema yake shukawa, kasuwar gobe kuma ku ne. In duk tsararmu ta tashi ba ta iya cin komai sai shinkafa da taliya, za a ci gaba da tura gona da kuɗin ƙasa wajen abin da yanayin ke ƙara wahalar samu. Sai dai a yi adalci ga iyayenmu mata, ba don gayu kaɗai suka koma shinkafa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe taɓarya ya yi surfe, ya sheƙe, ya wanke, ya kai niƙa, ya tankaɗe, ya san dalili. Shinkafa wankewa kawai za a yi a ɗora. Don haka masu cewa a koma gero, in ba su ne za su yi dakan ba, sai su fara da tunanin yadda za a samu garin tuwo da na kunu da tsakin burabusko a leda, mai tsabta kuma mai araha. Wannan aiki ne na masu ilimin sarrafa abinci da injiniyoyi da 'yan kasuwa, kuma ba mu ga abin da zai hana wasunku zama su ba.

Wasu sun riga sun fara nasu ɓangaren. A Samaru ta Zariya, cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana fitar da irin masara da dawa da wake masu nuna da wuri ko jure fari. Cibiyar binciken Tafkin Chadi a Maiduguri tana aiki a kan gero da alkama. A Maraɗi da Damagaram kuwa manoma ne da kansu, tun daga shekarun 1980, suka daina tumɓuke tohon itatuwa a gona, suna gyara su su girma, har aka kiyasta filin da ya farfaɗo ya kai hekta miliyan 5. Cikin itatuwan akwai gawo, mai abin mamaki: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma ya zama taki.

Ga aikin wannan mako. Ku sami tsoho ko tsohuwa mafi shekaru a gidanku, ku gaishe su da kyau, ku tambaye su abu uku: me suke ci da dare lokacin da suke kamar ku, a wane wata ake shuka a garinku a da, kuma wane iri ne suka sani wanda yanzu ba a ganinsa. Ku rubuta amsar da sunan garin. Masu hali kuma su sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, su ajiye shi a fili nesa da indararo, duk safiyar da aka yi ruwa su auna zurfinsa da rula su rubuta kwanan wata, sannan su zubar. Ku aiko mana ta hannun editan wannan shafi, za mu kawo wasu daga ciki a fitowa ta gaba.