Awon Makarantar Unguwarmu

Yau magana ce a kan makarantar firamaren gwamnati da ke cikin unguwarmu, a ɗaya daga cikin unguwannin talakawa na bayan ganuwar Kano. Ba zan ambaci sunanta ba, gama irinta suna da yawa, kowa ya ji sifarta zai ce tasu ce.

Abin da ya jawo maganar shi ne, wani maƙwabcina mai sayar da ruwa a kura ya same ni bayan la'asar, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta malam, yarinyar nan tawa shekararta huɗu tana zuwa boko, na ba ta takardar asibiti ta duba mini ta kasa. In cire ta ta riƙa taya uwarta talla, ko kuwa in bar ta?" Na ce masa ya saurara mini mako guda. Gama na ga ba daidai ba ne in yanke hukunci a kan gidan da ban taɓa shiga ba, alhali kullum ta ƙofarsa nake wucewa.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin cewa ba a sayen hatsi buhu a ɗaure. Mai saye a Dawanau sai ya sa hannu har ƙasa, ya ɗebo, ya busa, ya ga ko da ƙaiƙayi ko da tsakuwa. To, makaranta ma haka take. Fenti da ƙofar ƙarfe da allon suna duk bakin buhu ne. Abin da ke ciki shi ne abin da yaro ya iya bayan ya fito. Saboda haka na roƙi izinin hedimasta, ya karɓe ni da mutunci, na yi safiya uku ina shiga aji aji.

Abu na fari da na gani shi ne cunkoso. Ƙa'idar ilimi ta ƙasa ta ce malami guda ga yara 35. A aji ɗaya na ƙirga har na wuce 100 na bari. Yara na zaune a ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa, na baya ba sa ganin allo, na gefe suna bakin taga. Malama tana karantawa suna amsawa baki ɗaya, murya har titi. Mai wucewa sai ya ce karatu ya kankama, amma in ka ware yaro guda ka nuna masa harafi, sai ya yi shiru.

Abu na biyu, ruwa da makewayi. Famfo ya daɗe da mutuwa, makewayi kuwa ba ya shiguwa. Kada a raina wannan. Yarinya da ta fara girma, in ba ta da wurin da za ta kewaya cikin sutura, gida za ta tafi, in ta tafi kuwa ba lalle ta komo ba.

Abu na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma malaman allo za su fi kowa gane shi. A tsangaya, yaro ba ya wanke allo sai ya biya karatunsa a gaban malam ya ji ya zauna. In bai iya ba, ko mako zai yi a kan rubutu guda sai ya yi. A nan kuwa shekara ce ke ciyar da yaro gaba. Ƙarshen zango na uku ya zo, a kwashe aji duka a kai gaba, da wanda ya iya da wanda bai iya ba. Watau ana wanke masa allo bai biya ba, a rubuta masa sabo a kan wanda bai riƙe ba. Da haka har ya kai aji shida, a ba shi takardar shaida, alhali ba ya iya haɗa baƙi da wasali. Na ba 'yan aji biyar ɗan gajeren rubutu da Hausa, kaɗan ne suka karanta shi ba gargada.

Amma fa adalci ya sa in faɗi alherin da na gani. Na sami malamai da ke zuwa tun kafin a kaɗa ƙararrawa, wasunsu daga nesa, kuɗin mota na cin rabon gidansu. Na ga wata malama da ta raba 'yan ajinta kashi kashi, ta sa waɗanda suka iya suna biya wa na ƙasa da su, kamar yadda gardi ke yi wa ƙolo. A ajinta na sami mafi yawan masu karatun. Wannan ya nuna mini cewa ƙasar ba ta mutu ba, noma ne ya yi ƙaranci.

To, laifin wa ne? Hukuma tana da kasonta. Tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa cikin 1909, ba a taɓa buɗe ƙofar boko ga kowa da kowa ba kamar cikin 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo ilimin firamare kyauta. Cikin 2004 aka yi dokar ilimin bai ɗaya, wadda ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas. Cikin 2024 gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk waɗannan alkawura ne, alkawari kuwa kaya ne. Wanda ya ce tilas a kawo yara, tilas ne a kansa ya tanadi malamin da zai karantar da su da inda za su zauna.

Amma mu ma muna da namu kason. Duk wanda Allah ya buɗa wa a unguwar nan ya kwashe 'ya'yansa ya kai makarantar kuɗi. Ba na zarginsa, kowa nasa yake so. Sai dai da suka fita, sun fita da bakin da ake jin maganarsa, aka bar makarantar ga 'ya'yan masu dako da masu wanki da zawarawa, waɗanda ba su san ƙofar ofis ba. Akwai kwamitin iyaye da mutanen unguwa da aka tanada don kula da makaranta, amma aka ce mini in an kira taro kujeru ke sauraro. Ku tuna, yaran nan su ne gobe za su zama yaran shagunanku, su riƙe muku lissafi, su auri 'ya'yanku.

Shawarata uku ce. Liman da mai unguwa su zaɓi dattawa da za su riƙa leƙa makarantar kowane wata, su ware yara su ji karatunsu, su kai abin da suka gani ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce. 'Yan kasuwa su haɗa hannu su gyara famfo da makewayi, wannan bai kai ribar kasuwa guda ta wasunku ba. Malaman allo kuma su daidaita lokacin karatu, na asuba da na yamma, don kada yaro ya rasa ɗaya saboda ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da mako ya cika na kira maƙwabcina na ce masa kada ya cire ta. Riban talla na yini guda ne, jahilci kuwa na rai da rai. Na ce ya je da kansa ya gaida malamarta, ya san sunanta, ita ma ta san yarinyar tana da mai bibiya. Yarinyar kuma ta riƙa zuwa zaurena bayan magariba da littafinta tana biya mini, har Allah ya sa bakinta ya buɗe. Ya yi godiya ya tashi. Ran nan ta karanta mini layi biyu ba taimako.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari. Haza wassalam.