Gajiyar Wani, Lafiyar Wani

Ya kai ɗalibi, wataƙila ka taɓa jin labarin mutumin da ya ce zai yi doguwar tafiya a ƙasa, ko ya kwana yana gudu, domin a tara kuɗin jinyar yara a asibiti. Wasu kan yi dariya idan sun ji irin wannan labari. Su kan ce, "Mene ne haɗin tafiya da magani? Mai kuɗi ya bayar, marar kuɗi ya yi addu'a." Maganar tasu tana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Amma ni ra'ayina shi ne wannan wahala tana da amfani babba, muddin an yi ta bisa tsari da gaskiya.

Bari mu soma da wani saurayi ɗan ƙasar Kanada mai suna Terry Fox. A shekarar 1977, yana ɗan shekara 18, likitoci suka gano ciwon daji a ƙashin ƙafarsa ta dama, suka yanke ta daga saman gwiwa. A lokacin jinyarsa ya ga yadda masu wannan cuta ke shan azaba, har da ƙananan yara, abin ya tsaya masa a rai. Da ya samu sauƙi sai ya ƙudura cewa zai ratsa Kanada a guje, daga gabas zuwa yamma, da ƙafa ɗaya ta jiki da ɗaya ta roba, domin a tara kuɗin binciken maganin cutar. Ya tashi daga garin St. John's ranar 12 ga Afrilu, 1980. Kusan kullum yakan yi gudun kilomita 42, cikin ruwan sama da iska da zafin rana. A makonnin farko mutane kaɗan ne suka kula da shi. Sannu a hankali labari ya bazu, jama'a suka riƙa fitowa bakin hanya suna jiransa da kuɗi a hannu. Bayan kwana 143 da kilomita 5,373, ciwon ya kama huhunsa, dole ya tsaya kusa da garin Thunder Bay. Ya rasu a watan Yuni na 1981, yana da shekara 22. Kafin rasuwarsa an tara fiye da dala miliyan 24, wato dala ɗaya a madadin kowane ɗan ƙasar, kamar yadda ya yi buri.

To, ka tambayi kanka: ina waɗannan kuɗi suke kafin Terry ya fara gudu? Suna aljihun jama'a. Marasa lafiya ma suna kwance a asibiti tun da daɗewa. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai haɗa masu kuɗin da masu ciwon. Yaron da ke kan gadon asibiti ba ya fitowa titi, kuma mai lafiya ba ya zuwa asibiti sai da dalili. Amma wanda yake gudu a kan hanya yana ɗingishi, kowa yana ganinsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gumin mai gudun shi ne ya nuna wa mutane ciwon da bango ya ɓoye musu, har kunya da tausayi suka buɗe hannuwansu.

Kada ka ɗauka cewa sai ƙaƙƙarfan saurayi ne zai iya. A 2020, wani yaro ɗan shekara biyar a Ingila, Tony Hudgell, wanda aka yanke wa ƙafafu biyu tun yana ƙarami ƙwarai, ya yi tafiyar kilomita 10 cikin watan Yuni, da ƙafafun roba da sandunan dogarawa. Burinsa shi ne ya tara fam 500 ga asibitin yara na Evelina da ke Landan, inda aka ceto ransa yana jariri. Abin da aka tara ya wuce fam miliyan ɗaya. Kilomita 10 a wata guda ba komai ba ne ga ɗan makaranta irinka, amma ga Tony kowane taku aiki ne. Mu ma a Nijeriya mun ga irin wannan juriya a 2024, lokacin da Tunde Onakoya ya shafe sa'a 60 yana buga wasan darar Turawa a birnin New York, ko da yake shi ilimin yara ya nema wa gudummawa.

Wasu za su ce ai neman suna ne kawai. Ba za a rasa masu neman suna ba, domin ɗan Adam yana son yabo. Sai dai allurar da aka saya da kuɗin mai neman suna tana warkar da yaro kamar kowace allura. Kuma akwai hanyar gane mai gaskiya. Terry Fox ya karɓi taimakon mota da takalma, amma ya ƙi yi wa kowane kamfani talla, don kada tafiyarsa ta zama kasuwanci.

Abin da ya fi damuna shi ne makomar kuɗin bayan an gama tafi da shewa. A 2020 wani tsohon soja a Ingila, Kyaftin Tom Moore, ya zagaya lambun gidansa sau 100 yana ɗan shekara 99, aka tara fiye da fam miliyan 30 domin ma'aikatan lafiya da majinyata. Waɗannan kuɗi sun isa inda aka nufa. Amma gidauniyar da aka kafa daga baya da sunansa ta shiga rikici, har hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta bayyana a 2024 cewa wasu masu tafiyar da ita sun amfana da ita don kansu. Idan haka ta faru, gobe mutane za su ƙi bayarwa, kuma yaron da ke jiran magani shi ne zai cutu.

Haka kuma, kada tafiyar ɗan sa-kai ta sa gwamnati ta naɗe hannu. Biyan likitoci, samar da wutar lantarki da iskar oksijin, da sayen kwalbar renon bakwaini, duk haƙƙi ne a kanta kowace rana, alhali mai gudu sau ɗaya yake fitowa a shekara.

Idan kai da abokanka kuna son gwada wannan aiki a makarantarku, ku fara da zuwa asibitin da ke kusa da ku tare da malaminku. Ku tambayi ma'aikatan ɗakin yara abin da suka fi buƙata, ko gidan sauro ne, ko zanen gado, ko kuɗin maganin wanda iyayensa suka gaza. Sannan ku zaɓi nisan da jikinku zai iya ɗauka, likita ya duba ku, ku tanadi ruwan sha, ku kuma guji tsakar rana. Wanda ya faɗi a hanya ya ƙara wa asibiti majinyaci ne. Kuɗi kuwa kada su kwana a aljihun kowa. A rubuta kowace naira da aka karɓa, a miƙa wa asibitin a gaban shaidu, a karɓo rasit, a liƙa shi a allon sanarwa na makaranta inda duk wanda ya bayar zai gani.