Masu Cewa A Ƙwato Ƙwanni, Ina Za Ku Tsaya?

Daga wani ɗan uwa a Illela, Jihar Sakkwato

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga fiyayyen halitta (S), abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na ji da kunnena a teburin mai shayi a nan Illela, wadda har yau ta ƙi barin zuciyata.

Cikin watan Agusta na 2023 ne, 'yan kwanaki bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar, an garƙame iyaka, ƙungiyar ECOWAS na ta barazanar yaƙi. Sai wani saurayi, wanda muke haɗuwa da shi a sahu kullum, ya ajiye kofinsa ya ce, "Ai in yaƙin ya zo gaba ta kai mu. Sai mu ƙwato Ƙwanni, dama tamu ce, Faransa ta sace ta." Wallahi sai na ga samari suna gyaɗa kai. Tun daga ranar nake ganin ana yawo da taswirar Daular Usmaniyya a wayoyi, an shafe ta da launi guda, ana cewa wai duk wannan namu ne, sai mun dawo da shi. To, ina son mu zauna mu duba maganar nan da idon basira, domin magana ce da ke ƙarewa a maƙabarta.

Da farko mu ba saurayin nan gaskiyarsa. Iyakar da ta raba Illela da Birnin Ƙwanni ba kakanninmu suka shata ta ba, ba a kuma shawarce su ba. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, Ingila da Faransa sun ja layi a takarda a 1890, daga garin Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 suka sake zama, suka kafa tsinke a kan birnin Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100, suka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. A wannan lissafi Ƙwanni tana hannun Ingila. Amma sai Faransa ta koka cewa an bar mata hamada, ba ta da hanya mai rijiyoyi da ayarinta zai bi daga Kwara zuwa Damagaram. Saboda haka a 1904 da 1906 aka turo layin kudu, Ƙwanni ta faɗa hannun Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 wasu hafsoshi biyu, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, suka bi ƙasa suna kafa alamomin iyaka har guda 148, aka rattaba hannu a 1910.

Ku duba fa, ya 'yan uwa. Domin raƙuman Nasara su sami ruwan sha aka raba ɗa da uba, aka raba gona da mai ita. Kuma kafin nan, cikin watan Mayun 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Ƙwanni ta yi kisan kiyashin da har yau tsofaffi ke ba da labarinsa. Shekara 4 bayan haka, cikin Maris 1903, Sakkwato ta faɗi a hannun Ingila, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira har ya yi shahada a Burmi cikin Yulin wannan shekara. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wanda zuciyarsa ba ta ƙuna a kansa, ya binciki zuciyarsa.

To amma ga tambayata. In an ƙwato Ƙwanni, wa za a miƙa wa? Ai Nijeriya ake nufi. Ita Nijeriyar wa ya haɗa ta? Ba Lugga ne ya ɗinke ta a 1914 ba? Kenan mai wannan kira yana so ne a ɗauke Ƙwanni daga akwatin da Faransa ta ƙera a saka ta cikin akwatin da Ingila ta ƙera. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce takardar 1898 ta fi takardar 1906. Subhanallah! Saurayi Musulmi, jikan masu jihadi, zai ba da jininsa domin kare zanen wani Bature a kan zanen wani Bature?

Wani zai ce a'a, ba Nijeriya muke nufi ba, taswirar Daula muke nufi. Madalla. Gaskiya ne kakannin Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Toronkawan da suka taso daga Futa Toro, a Ƙwanni suka zauna, kuma shi kansa Shehu a Maratta aka haife shi a 1754, wadda yau take cikin Nijar. Amma in taswira za a buɗe, ba mu kaɗai ke da taswira ba. Sarkin Gobir na Tsibiri yana cikin Nijar, alhali Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, tana cikin Jihar Sakkwato. Ashe shi ma yana da bakin cewa a ba shi kayan kakanninsa. Sarkin Katsinan Maraɗi zai iya nuna birnin Katsina da yatsa. Maraɗi da Tsibiri da Damagaram ba su kasance ƙarƙashin Sakkwato ba, hasali ma sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gwabza da rundunar Gobirawa da Katsinawa da Abzinawa a Gawakuke a 1836. Kabawa za su tuno zamanin Kanta. Barebari za su ce Damagaram ta taɓa kai musu gaisuwa. Mu kuma sai mu nemi Garwa da Marwa da Ngaundare daga Kamaru, mu nemi Dori daga Burkina Faso, tunda duk sun taɓa bin tutar Shehu. Wace shekara za a ɗauka a ce ita ce ta gaskiya? Kowa shekarar da kakansa ya fi ƙarfi zai zaɓa. To ina za a tsaya?

Wannan cuta ta cewa wani yanki da ke hannun wata ƙasa namu ne na gado, sai mun ƙwato shi, ba a Illela aka fara ta ba. Daga Turai ta fito, 'yan kishin ƙasar Italiya ne suka raɗa mata suna a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da suke neman garuruwan da ke hannun Ostiriya. Kuma duk inda ta shiga ƙasashen Musulmi, mun ga abin da ta haifa.

Ku dubi Somaliya. Mutane ne masu harshe ɗaya da addini ɗaya, 'yan mulkin mallaka suka yanka su gida 5, shi ya sa tauraron tutarsu ke da tsini 5. Zaluncin da aka yi musu ya fi namu fitowa fili. A 1977 Siyad Bare ya tura sojoji yankin Ogaden don ƙwato shi daga Habasha. Tarayyar Sobiyat, wadda a da take ba shi makamai, ta juya masa baya ta koma wa Habasha, aka kawo sojojin Kuba, zuwa Maris 1978 an fatattake shi. Dubban ɗaruruwan mutane suka zama 'yan gudun hijira, sojojinsa suka fara yi masa bore, a 1991 gwamnatin ta rushe, arewacin ƙasar ya ɓalle ya kira kansa Somaliland. Garin neman gira aka rasa ido.

Ku dubi Iraƙi. Ranar 2 ga Agusta 1990 Saddam ya mamaye Kuwaiti, ya ce lardinsa ne na 19 da Ingila ta yanke. Me ya biyo baya? Amurka ta jibge sojoji sama da dubu 500 a yankin, aka yi wa Iraƙi ruwan bama-bamai a 1991, aka ƙaƙaba mata takunkumin da ya gallabi mata da yara har zuwa 2003, sannan aka mamaye ta gaba ɗaya. Wanda ya ce zai goge layin Bature, shi ya buɗe wa sojan Bature ƙofa.

Ku dubi maƙwabtanmu. Libiya ta shiga zirin Awzu na Chadi a 1973, aka yi ta zubar da jini har 1987, daga ƙarshe Kotun Duniya ta ba Chadi a 1994, Gaddafi ya kwashe sojojinsa. Mali da Burkina Faso, matalauta biyu, sun yi yaƙi a Disambar 1985 kan zirin Agashar, ƙarshenta kotu ta raba musu shi. Mu kanmu a Nijeriya, sojoji sun mutu a Bakasi, amma a Oktoban 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru, ta kafa hujja da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, aka kammala miƙawa a Agustan 2008. Ku lura da wannan da kyau: ko an zubar da jini ko ba a zubar ba, takardar Bature ake ɗaukowa a yi hukunci da ita, domin shugabannin Afirka da kansu sun amince a Alƙahira a 1964 cewa za a bar iyakoki yadda aka gaje su. To ran da maganar Ƙwanni ta je kotu, takardar 1906 za a shimfiɗa. Su kuwa waɗanda aka binne, wa zai dawo wa iyayensu da su?

Kuma wai wa za a harba a Ƙwanni? Goggona tana aure a can. Da wuya ka sami gida a Illela da ba shi da ɗiya ko suruki ko kabarin kaka a tsallake. Tafiyar 'yan mintuna ce a kan kabu-kabu. Ranar Lahadi suna cika kasuwarmu da shanu da raƙuma, ranar Laraba muna cika tasu. Har sunan gari muka raba, domin akwai wata Illelar a jihar Tawa, mazaunin Sarkin Adar. Alƙiblarmu ɗaya, Hausarmu ɗaya. Manzon Allah (S) ya haramta jinin Musulmi da dukiyarsa da mutuncinsa a huɗubar bankwana, ya kuma yi hani mai tsanani ga kiran asabiyya. Harsashin da aka harba daga Illela zuwa Ƙwanni, wallahi a gidanmu za a yi zaman makokinsa.

Abin da ke cutar da talakan bakin iyaka mun san shi, tunda mun ɗanɗana. Ranar da aka rufe layin ne muke shiga uku. An rufe a 1984 har zuwa 1986, a tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar lokacin suna El-Buhari. An rufe a Agustan 2019, ba a buɗe Illela ba sai Disambar 2020. An rufe a 2023, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, motocin kaya suka yi jerin gwano, albasa ta ruɓe, 'yan dako da direbobi da masu tuwo-tuwo suka rasa na cefane, har zuwa Maris 2024. A duk waɗannan lokuta, ka taɓa jin mai mulki a Abuja ko Yamai ya kwana da yunwa? In an matsar da layin gaba da Ƙwanni, sai a kafa shingen a gaba, a raba wasu 'yan uwan, jami'in da ke karɓar na goro ya matsar da bencinsa, shi ke nan.

Su azzalumai kuwa iyaka ba ta taɓa raba su ba. A 1906, lokacin da talakawa suka yi bore a Kobkitanda ta ɓangaren Faransa da Satiru ta kusa da Sakkwato, Ingila da Faransa da ke gasa da juna sai suka zama tsintsiya, aka murƙushe mutane, aka shafe Satiru daga doron ƙasa. Su sun san maslaharsu ɗaya ce. Mu ne kawai ake koya wa cewa ɗan uwanmu baƙo ne saboda shi sefa yake kashewa mu naira.

Akwai kuma wani tarkon da ya fi wannan haɗari, dole in faɗa. Wasu na zuwa da bindiga da rawani su ce su ba ruwansu da iyaka, Daula za su dawo da ita. Haka 'yan ISIS suka rushe shingen Iraƙi da Siriya a 2014 suna kabbara, ƙarshenta Mosul da Raƙƙa suka zama kufai, kuma mafi yawan waɗanda suka kashe Musulmi ne. A nan kusa da mu, mutanen Tangaza da Gudu sun ga abin da Lakurawa suka aikata. Duk wanda ya fara da kore shanun talaka da sunan zakka, ba tafarkin Shehu yake kai ba. Shehu ya shafe shekaru kusan 30 yana karantarwa da wa'azi kafin a kai ga yaƙi. Da aka matsa masa a 1804, barin Ɗagel ya yi, ya yi hijira zuwa Gudu. Ƙasa ya bari don ya tsira da addini da jama'a. Ta yaya za a ce mu salwantar da jama'a don ƙasa, kuma a jingina abin gare shi?

To mene ne abin yi? Mu rage wa layin nauyi har ya zama zane kawai a takarda. Mu riƙa ziyarar dangi, mu halarci suna da jana'iza da karatu a tsallake, mu ƙulla aure da ciniki na amana. Ɗalibin da ya zo daga Ƙwanni ko Galmi ko Madawa, mu ba shi masauki, kada a ji kalmar baƙo a bakinmu. Duk ranar da aka sake kaɗa gangar yaƙi ko aka ce za a rufe iyaka, mu ɗaga murya cikin lumana mu ce ba da yawunmu ba, kamar yadda malamai da sarakuna da jama'ar Arewa suka yi a 2023 har Allah Ya kashe wutar. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wannan tsakanin gwamnatoci ne, zumuncinmu ya girmi ECOWAS, ya girmi ƙasashen biyu. Kuma in an turo maka taswirar nan a waya, kafin ka tura wa wani, tambayi wanda ya turo: jinin wa za a biya da shi?

Shi kuwa saurayin mai shayi, ranar da aka buɗe iyaka na gan shi a kan babur da buhun gero a baya, ya nufi Ƙwanni. Na ce ina zuwa? Ya ce kakarsa ce ba lafiya, wata 7 bai sa ta a ido ba. Na ce Allah Ya ba ta lafiya, ka gaishe ta.

Allah Ya haɗa kan Musulmi, Ya kare jininmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.