Tsatsa ba ta zuwa bikin yanke kyalle

1/ Zare ne kan abin da ke ba ni haushi: a zuba biliyoyi a shimfiɗa kebul ɗin lantarki a ƙarƙashin teku, a yi biki, amma da an zo kasafin duba tsatsa sai a ce ɓarnar kuɗi ce. Ɓarna fa!

2/ Ku dubi Zanzibar. Kafin 2013, kebul ɗaya tak, na 1980, shi ke kawo wa tsibirin Unguja wuta daga babban yankin Tanzaniya. A Disamba 2009 layin ya lalace. Kusan wata uku ba wuta. Famfunan ruwa suka tsaya, otal-otal suka koma janareta. Sai 2013 aka samu sabon kebul.

3/ Ka ga tsadar mutuwar kebul ɗaya. To cikin abubuwan da ke kashe kebul a hankali, tsatsa na gaba-gaba. Ana naɗe shi da sulken wayoyin ƙarfe masu rufin zinc, a shafe da kwalta. Inda igiyar ruwa ke goga shi a kan dutse, rufin ya goge, ruwan gishiri ya samu ƙarfe tsirara.

4/ Sulke ya cinye, kebul ya rasa ƙarfi, ruwa ya kai ciki, wuta ta ɗauke.

5/ Kuma maganin ba sirri ba ne. Ana ɗaura guntayen zinc ko alminiyam a sassan ƙarfen, tsatsa ta ci su a madadinsa, kamar yadda ake yi wa jiragen ruwa. Amma suna ƙarewa. Dole a riƙa aunawa, a tura na'ura mai kyamara ta nutse ta duba, a canza su.

6/ Masu cewa "ai yana aiki, me za a duba?" Malam, ranar da ka gane da idonka, ka makara. Gyara a teku sai jirgi na musamman ya ɗago kebul ɗin, a yanke, a haɗa. Makonni, wani lokaci watanni.

7/ Gaskiyar magana, duba tsatsa ba ta da hoto, shi ya sa ɗan siyasa bai damu da ita ba. Mai sayar da kifi da firjinta ya mutu ita ke biya.

8/ Don haka duk sanda aka ƙaddamar da irin wannan aiki, kafin tafi ku tambaya: wa zai duba shi bayan shekara 10, kuma kuɗin na ina?