A Duba Haƙora Kafin a Biya: Shawara Kan Sayen Kwamfutar Girke Ta Hannu

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Illela ya san cewa mai sayen sa ba ya tsayawa ga tsawon ƙaho ko sheƙin fata. Yakan buɗe bakin dabbar ya dubi haƙoran gaba na ƙasa, domin sa yana fara famfara ne yana da kimanin shekara 2, kuma manyan haƙoransa 8 ba sa cika sai ya kai wajen shekara 4 zuwa 5. Ta haka mai saye yake sanin shekarun dabba ko da dillali ya rantse. Ra'ayina shi ne, irin wannan binciken ya kamata malamai da ɗalibai su yi wa kwamfutar girke ta hannu kafin su biya ko sisi.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a yankin Gidan Katta ya shaida mini cewa iyaye sun yi karo-karo an sayo wa yara kwamfutoci, ganin cewa tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta. An zaɓi masu tambarin Core i7, an biya da tsada. Da aka kawo, ɗaya ta yi ƙara ta ƙone tun a jonawar farko, sauran kuwa sai mutum ya gaji da jira kafin su buɗe. Kuɗin gero da albasa ne suka tafi, alhali duban minti goma ya isa ya hana wannan asara.

Abu na farko shi ne furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Sunan i3 ko i5 ko i7 dangi kawai yake nunawa. Shekarun suna cikin lambar da ke biye. Alal misali, a Core i7-2600, lambar 2 ta farko tana nufin zubi na biyu, wanda kamfanin Intel ya fitar a 2011. Shi kuwa Core i5-8400 zubi na takwas ne, na 2017, kuma ya fi wancan i7 ɗin sauri. Idan lambobin biyar ne, kamar 10400, sai a karanta biyun farko. Wannan lamba ita ce haƙorin kwamfuta. Tana da muhimmanci kuma domin kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sannan Windows 11 a ƙa'ida tana bukatar zubi na takwas zuwa sama.

Na biyu shi ne RAM, wadda za a iya kwatanta ta da faɗin teburin ɗalibi: gwargwadon faɗinsa, gwargwadon littattafan da zai buɗe a lokaci guda. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 take karɓa, amma 8 ne zai ba da sukuni. Na uku shi ne rumbun ajiya. Tsohon samfuri, HDD, faifai ne mai juyawa da ke lalacewa da tsufa da jijjigar hanya. Sabon samfuri, SSD, ba shi da wani abu mai motsi, kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba. A ganina SSD mai gigabait 256 ya fi wa makaranta amfani a kan HDD mai 500.

Duk waɗannan ana ganin su da ido. A sa mai kaya ya kunna na'urar, a danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a tare, sai a shiga sashen Performance. Can za a ga lambar furosesa da yawan RAM, kuma galibi har da nau'in rumbu. Wanda ya ƙi kunnawa a gabanka yana so ne ku yi cinikin biri a sama.

Na huɗu ya shafi muhallinmu. Wasu tsofaffin na'urori da aka yi amfani da su a Amurka suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Nijeriya ta bolt 230 ce, saboda haka idan aka jona yana kan 115, akwatin wutar zai ƙone nan take. Haka nan zafin bazara a ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. A buɗe akwatin a tabbata fankokin suna juyawa. Inda aka dogara da hasken rana kuma, ƙananan na'urori masu caja ta wat 65 sun fi dacewa.

Wani zai ce talaka ba shi da zaɓi, abin da kuɗinsa suka kai shi zai saya. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce tsohuwar kwamfuta ba ta da amfani ba. Ta 2011 ma za ta koya wa yaro buga rubutu da riƙe linzami, musamman idan aka sa mata SSD da manhajar Linux ta kyauta. Abin da nake ƙi shi ne a sayi tsohuwa da kuɗin sabuwa. Idan ta mutu kuma ta zama shara mai ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara idan aka ƙone ta a juji.

Daga ƙarshe, ina kira ga malaman kimiyya da su keɓe darasi guda su koya wa ɗalibai karanta waɗannan lambobi, kuma idan za a je sayayya a tafi da ɗalibi biyu da takarda, su rubuta abin da suka gani kafin a yi ciniki. Allah Ya sa mu dace.